Wanda Bai Ji Bari Ba Ya Ji Hoho, To In Kurma Ne Fa?

Alhaji, sassauta fuskar nan. Tun ban ce uffan ba na ga ka turo hula gaba, kana cewa ga 'yan boko nan sun zo nema wa masu kisan kai mafita da sunan nakasa. Malam, kai ma na ji ƙwafar da ka yi. Ita kuwa Hajiya har ta fara "wayyo, bawan Allah", alhali ko laifin da bawan Allahn ya aikata ba ta tsaya ta ji ba. Da ku ukun nake yau, kuma da wuya a tashi wani a cikinku yana sa mini albarka.

Kai ne babba, Alhaji, da kai zan fara. Ka ce kisa kisa ne, wuƙa ba ta tambayar ko mai riƙe da ita yana ji. Na yarda, ɗari bisa ɗari. Ka ga ka rasa abokin faɗa tun ba a je ko'ina ba.

A birnin Washinton na Amurka akwai jami'ar Gallaudet, wadda aka kafa a 1864 domin kurame. A watan Satumba na 2000 aka tsinci gawar wani ɗalibi ɗan shekara 19 a ɗakinsa. A watan Fabrairu na 2001 aka sake tsintar gawar wani a cikin ginin nan dai. Wanda ya kashe su ɗalibi ne kamar su, kurma kamar su, mai suna Joseph Mesa, kuma kuɗinsu ya bi. Da aka je kotu sai ya ce wai wasu baƙaƙen hannaye yake gani suna yi masa ishara ya yi kisa. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci ba su karɓi wannan zance ba. A 2002 aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai har shida, ba damar saki. Yadda mai rai ɗaya zai biya shida, sai ka tambayi Amurkawa. Haka a jihar Dakota ta Kudu, a 2007, aka ɗaure wata kurma mai suna Daphne Wright rai-da-rai saboda ta kashe wata mata don kishi, ta kuma daddatsa gawar. Matar da aka kashe ita ma kurma ce.

Hajiya, kin ji ko? Waɗanda aka kashe su ma 'ya'yan wasu ne, su ma ba sa ji. In kin ce a yi wa mai kisan rangwame don kurma ne, sai ki shirya abin da za ki faɗa wa uwar mamacin.

Ra'ayinki fa ba sabo ba ne, har doka an yi da shi. Sashe na 19 na dokar laifuka ta ƙasar Sin ya ce ana iya sassauta wa kurma bebe hukunci, ko a yafe masa. A Koriya ta Kudu sashe na 11 cewa ya yi a rage masa. Japan ma tana da irin sa, sashe na 40 na kundin 1907, har sai da aka soke shi a 1995. Kin san su wa suka ƙi jinin sashen nan? Kuramen Japan da kansu. Sun lura cewa dokar da ta ce ba ka cika mai laifi ba, a fakaice cewa take yi ba ka cika mutum ba. Wanda aka ɗauka bai san abin da yake yi ba ranar da ya yi ɓarna, haka za a ɗauke shi ranar da ya zo neman aiki ko sa hannu a takardar ciniki.

Wannan "bai san abin da yake yi ba" kuwa ta ci mutane fiye da yadda kike zato. A 1925, a jihar Karolina ta Arewa, an zargi wani saurayi baƙar fata, kurma, ɗan shekara 17, mai suna Junius Wilson, da yunƙurin fyaɗe. Ya yi makarantar kurame ta baƙaƙen fata a Raleigh, inda ake da maganar hannu ta daban wadda fararen fata da ma sauran kurame ba su sani ba. Aka yi masa tambaya, ya amsa da hannu, ba wanda ya gane. Sai aka ce mahaukaci ne, ba zai iya fuskantar shari'a ba. Aka tura shi asibitin mahaukata na Goldsboro, bayan 'yan shekaru aka dandaƙe shi. Ba kotun da ta taɓa samun sa da laifi, kuma lafiyar ƙwaƙwalwarsa ƙalau. Sai a 1994 aka fitar da shi daga ɗakin da ake kulle shi aka ba shi wani ɗan gida a harabar asibitin, bayan shekara 69. A nan ya rasu a 2001. Akwai kuma Theon Jackson na jihar Indiyana, wanda aka zarga da ƙwacen da jimillarsa dala 9 ce, aka tura shi asibiti sai ranar da ya iya kare kansa, ranar da likitoci suka ce da wuya ta zo. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta tsoma baki a 1972 ta ce ba a tsare mutum haka ba iyaka. Da an yi wa mutanen nan shari'a an ɗaure su, da tuni sun gama sun koma gida. Tausayin da ba ya tare da tafinta ke nan, Hajiya.

To Alhaji, daina murmushi, na dawo kanka.

Mun yarda hukunci ɗaya. Ga mutum biyu, laifi ɗaya, alƙali ya ce shekara goma-goma, ɗaya yana ji, ɗaya kurma. Gidan yari kuwa da kunne ake zaman sa. Da ƙararrawa ake tashi, da lasifika ake kiran ƙidaya, da ihu ake sanar da abinci da zuwan baƙo da layin ganin likita. Gandiroba ya tsaya a bayan mutum ya ce tsaya. Mai ji ya tsaya, kurma ya ci gaba da tafiyarsa. Abin da za a rubuta a takarda shi ne ya ƙi bin umarni. In rubutun ya taru, sai ɗakin kaɗaici. Sannan a kai shi gaban masu ladabtarwa ya kare kansa, da ankwa a hannu, ta baya. Dubi wannan da kyau: mutumin da hannunsa ne bakinsa, an ɗaure hannun, an ce ya yi bayani. Kai da ko a wurin ɗaurin aure ba a iya karɓe lasifika daga hannunka, minti nawa za ka jure?

Da dare a kashe fitila. Masu ji su ci gaba da hira daga wannan ɗaki zuwa wancan, wani ya ba da labarin garinsu, wani ya yi waƙa. Shi hirarsa da ido ake yin ta, in haske ya tafi ta tafi. Ba ya jin takun mai zuwa ta bayansa, kuma mugayen cikin fursunoni sun san da haka. Sun kuma san in sun taɓa shi ba shi da hanyar kai ƙara cikin sauƙi. In ya rubuta 'yar takarda ya miƙa wa gandiroba don neman magani, masu kallo daga nesa su ce ga ɗan rahoto. Wayar da kowa ke kiran gida da ita ba ta yi masa amfanin komai, sai in an samar da mai hoto wadda zai yi magana da hannu a gan shi.

Ga wurin da lissafinka ke karyewa. A Amurka da Birtaniya, sau da yawa wanda ya yi laifin zubar da jini ba ya samun saki kafin cikar wa'adi sai ya gamsar da kwamiti cewa ya gyaru. Cikin hanyoyin nuna hakan akwai halartar azuzuwa, na danne fushi, na barin ƙwaya, da makamantansu. Zama ake yi a kewaye, ana magana. Ba tafinta, ba shiga aji. Ba shiga aji, ba takardar shaida. Ranar zaman kwamiti a duba fayil a ce bai nuna alamar gyaruwa ba. Abokin laifinsa mai kunne ya tafi gida, shi yana nan. Alƙali ya auna mudu goma, gidan yari ya yi masa gyara, kuma ba wanda ya sa hannu a kan gyaran. Kai da ka ce a yi wa kowa daidai, wannan ƙarin daga wace kotu ya fito?

Malam, na san abin da ke bakinka: a rubuta masa a takarda mana, ko ya karanta leɓe. Allah ya gafarta Malam, je ka gaban madubi ka ce "baba", ka ce "mama", ba tare da sauti ba, ka faɗa mini bambancin. A Turanci an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na magana ake iya gani a leɓe, sauran cinta ce. Rubutu kuwa, wanda aka haifa kurma harshensa na farko na hannu ne, mai nahawunsa na kansa. Harshen takarda baƙo ne a wurinsa, bai taɓa jin sautinsa ba, balle Turancin lauyoyi da mu masu kunnen ma sai mun nemi fassara.

An gwada shawararka a Washinton. A 2012 aka ɗaure wani kurma, William Pierce, kan laifin duka, ya yi kwana 51. Ma'aikata ba su tsaya sun binciki abin da yake buƙata ba, suka ɗauka leɓe da 'yar takarda sun isa. Ya kai ƙara. A 2015 alƙaliya Ketanji Brown Jackson, wadda tun 2022 take Kotun Ƙolin Amurka, ta ce an take masa haƙƙi, daga baya aka yanke a biya shi dala 70,000. Lura, ba ta ce bai yi dukan ba, ba ta ce ɗaurin kuskure ne ba. A jihar Florida kuwa, a 1983, an yi wa Felix Garcia shari'ar kisa ba tare da tafintan hannu ba, na'urar saƙalawa a kunne aka ba shi aka ƙara ƙarar lasifika. Aka ɗaure shi rai-da-rai. Daga baya ɗan'uwansa ya yi rantsuwa cewa ba hannun Felix a ciki, kotu ba ta soke hukuncin ba, ya shafe sama da shekara 30 a tsare. Ni ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. Tambayata ita ce, shari'ar da wanda ake tuhuma bai ji ta ba, da wa aka yi ta?

Abin mamaki, Malam, littattafan da ke jere a zaurenka sun riga Turawa zama a kan wannan mas'ala. Malaman fiƙihu sun ce isharar bebe da aka saba da ita, aka fahimce ta, tana tsayawa matsayin furuci, ya yi aure da ita, ya yi saki, ya saya ya sayar. Malikawa, mazhabarmu, har shaidarsa suna karɓa in isharar ta fahimtu. Hanafawa suka ce ana yin ƙisasi a kansa da ishararsa, amma ba a tsai da masa haddi da ita, domin wataƙila yana da uzurin da ya kasa bayyanawa. Ba su ce ba shi da hankali ba, ba su kuma ce a yi masa ihu a kunne ba. Sharaɗinsu guda ne, a fahimce shi. Sai ka koma ka buɗe babin.

Abokan wasana Zage-zagi tun ɗazu suke lissafi da yatsu, wa zai biya tafinta? Ku kwantar da hankalinku, ba a ce ku yi karo-karo ba. Fitila mai walƙiya a maimakon ƙararrawa ba ta kai kuɗin tayar mota ba. Sa ankwa ta gaba lokacin bayani kyauta ne. Tara kurame a gidan yari ɗaya, su sami abokan hira da ma'aikatan da suka iya hannu, tsari ne kawai. A Ingila asibitin Rampton mai tsananin tsaro yana da sashe na musamman domin kurame maza masu hatsari da ke da taɓin hankali, kuma ba wanda ya ce wurin ya zama otal. Amurka ta yi dokar haƙƙin nakasassu a 1990, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1998 cewa dokar ta shafi gidajen yarin jihohi. Duk da haka sai kurame sun yi ta kai ƙara jiha bayan jiha kafin a ba su abin da doka ta riga ta ba su.

In haka ake fama a can, ina ga nan? Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in ba ya fahimtar harshen kotu, ga kuma dokar hana wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Amma akwai wani rami da za mu iya faɗawa, irin wanda ya ci Junius Wilson. Kuramen Kano da kewaye suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki a kasuwa. Makarantu irin ta Tudun Maliki kuwa wadda ta samo asali daga ta Amurka suke koyarwa, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya taimaka wajen yaɗa ta. Ana iya kawo tafinta mai takardar shaida ya tsaya gaban kurman ƙauye da bai taɓa shiga aji ba, kowa ya yi ta kaɗa hannu, magatakarda ya rubuta an fassara. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarinmu kuwa jiran shari'a suke yi, ka ga kurman da ba a gane maganarsa ba zai iya daɗewa a cikinsu ba hukunci, kamar Wilson.

Ga hukuncina, tunda kun matsa. Kurman da ya zubar da jini ya sha ɗaurin da mai ji zai sha, kada a rage masa kwana ɗaya don ba ya ji, kada kuma ya ƙara kwana ɗaya don ba a iya magana da shi ba. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a aikin ɗan sanda, ko lauya, ko gandiroba, in ya zo gaisuwa ranar Juma'a ya tambaye shi, kurame nawa suka bi ta hannunsa bana, wa ya fassara musu, kuma da wace maganar hannu.