Sakan Uku a Bakin Ramin Gadu

Aikina ɗaura kyamara a jikin bishiya. Irin kyamarar nan ce mai jin ɗumin jiki da motsi, duk abin da ya gifta ta gabanta sai ta ɗauke shi hoto uku a jere, ta buga rana da lokaci har da sakan a ƙasan kowane hoto. Da ita muke bin sawun giwa, ɓauna, gwanki, kanki da kura a gandun dajin Mole, kusan kilomita 150 yamma da Tamale. Ka bi hanyar Kumasi, ka karya kwana a Fufulso, ka wuce Damongo, ka kai Larabanga mai tsohon masallaci, sai ƙofar daji. Babu gandun da ya kai shi girma a Gana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, tun 1958 aka keɓe shi, ya zama gandun ƙasa a 1971. Baƙi kan tsaya kusa da ƙofa su kalli giwaye a bakin tafki. Mu kuwa can ciki ake jefa mu, wajen tsaunin Konkori, inda babu sabis, babu mai yi maka sannu sai ƙudan tsando.

Akwai wani ɓangare na aikin nan da ba a faɗa wa surukai. Idan ka ɗaura kyamara daidai tsayin gwiwa, dole ka gwada ta ka tabbatar za ta ga dabba. Gwajin kuwa rarrafe ne. Ka duƙa hannu biyu gwiwa biyu, ka wuce ta gabanta, kai ne kura, kai ne damisa.

Ba a shiga Mole a ƙasa sai da mai gadin daji riƙe da bindiga. Namu wani dattijo ne ɗan ƙasar Gwanja, Hausa a bakinsa tsaf, Baba muke ce masa. Ran nan da sanyin hunturu ya samu dutse ya zauna, bindiga a cinya, goro a kumatu. Ni kuma na duƙa. A bayana akwai tsohon suri, a gindinsa rami irin wanda dabgi ke haƙawa ya bari. Gadu ne ke gadar irin wannan rami, kuma da baya yake shiga, haurensa na kallon ƙofa, don in ya tashi fita ba ya fita a hankali. In ana sanyi kuma makara yake yi.

Ba don kyamara ba, da na ba ku labarin yadda na ga dama.

Hoto na farko, 7:41:06. Ga ni a duƙe, fuska a murtuke, na ɗan ciji leɓe, mutum yana bakin aikin kimiyya. Bayana ya saiti bakin rami.

Hoto na biyu, 7:41:07. Wannan ne ke hana ni barci. Ƙura ta tashi a bayana, a cikinta ga farin haure biyu da ƙananan idanu. Ni kuwa ko gezau. Har na ɗaga hannu ɗaya a hankali, ina kwaikwayon takun damisa, ina kallon kyamara ido cikin ido don in ga ko fitilarta ta ƙyafta. Wai har da ɗan murmushi, saboda ta ƙyafta. Na sha kallon fuskar bawan Allahn nan, in ji ina son in shiga hoton in ja kunnensa. Sakan ɗaya ya rage masa na mutunci, yana ɓarnatar da shi wajen yi wa na'ura kwalliya.

Hoto na uku, 7:41:08. Tafin takalma biyu a sama, sai jelar gadu a miƙe.

Gadun ta fito kamar keken yalo-yalo da birkinsa ya tsinke a kasuwar Aboabo. Uwa ce mai 'ya'ya. Allah Ya taimake ni da goshi ta ɗauke ni, haurenta na ƙasa, wanda kullum yake wasuwa a jikin na sama, aljihu kawai ya kama, ya farke wandon daga bel har gwiwa. Ina kwance ina salati 'ya'yanta huɗu suka bi ta gadon bayana ɗaya bayan ɗaya, kowanne jela a sama. Na ƙarshen har ya ɗan tsaya.

Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kyamara ta ɗauki wannan ma: gadu da iyalanta sun yi gabas, ni na yi yamma, babu mai bin kowa. Bishiyar da na fara samu na ɗare. Sai da na kai reshe na biyu jikina ya sanar da ni farar ƙaya ce.

A nan ne Baba ya buɗe baki.

"Kada ka gudu, ɗana!"

Na ce daga sama, "Baba, ai na riga na iso."

Ya tofar da goro, ya taso a hankali, ya zagaya bishiyar yana duba ta sama da ƙasa. Ya girgiza kai. "Ba wannan ake hawa ba. Kaɗanya ake hawa, ba ta da ƙaya." Na duba, kaɗanya mafi kusa tana can gindin tsauni. Ya ce to, ai shi ya sa tun kafin a duƙa ake zaɓen bishiya. Ya ƙara da cewa gadu ma ba ya hawa bishiya, ba ya kuma bin mutum, don haka da na zauna a ƙasa da ya fi. Na ce a ƙasan ai ta same ni. Ya ce wannan kuma rashin sallama ne, ba a juya wa ƙofar gidan wani baya.

"Da wane yare zan yi mata sallama, Baba?"

"Da Gwanjanci mana. Gadun nan ba sa jin Hausa."

Ina zare ƙaya daga inda ba zan faɗa ba, ya ce shi tun isowarmu ya ga ƙudaje na shawagi a bakin ramin, ya san masu gida na ciki. Na tsaya da zare ƙaya.

"Baba, ka gani ka yi shiru?"

"Kai ne mai takarda, ɗana. Na zaci cikin binciken ne."

A hanyar komawa sansani, ina riƙe da wando da hannu ɗaya, na lallaɓe shi ko za mu ce zaki ne. Ya ce babu mai yarda. Gaskiyarsa, binciken kyamara da aka yi a Mole daga 2006 zuwa 2009 bai samu hoton zaki ko ɗaya ba. Ga shi kuma a masaukin baƙi gaduna na durƙusawa a kan gwiwa suna kiwo, yaran Turawa na ɗaukar hoto da su. Aladen daji dai, shi ne rabona.

Jiya memorin kyamarar ya iso Tamale. Ƙa'idar aikin, ba a goge hoto ko ɗaya, kowanne sai an shigar da shi kwamfuta: wace dabba ce, guda nawa, me take yi. Yarinyar da ke shigarwa ta kira ni da ladabi, bayan ta kira kowa da kowa har da direba.

"Yaya, wannan na farkon me zan rubuta?"

Ban amsa ba, don haka ta cike da kanta. Dabba: ɗan Adam. Adadi: 1. Namiji, baligi. A gurbin abin da dabba ke yi ta rubuta "kiwo".