Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Tramol, Sarkin Ƙwaya

Zuwa ga Mai Martaba Tramol,
Sarkin Ƙwaya, Garkuwan ƴan kabu-kabu, Uban tafiyar masu haƙar zinariya,
Mai fada a kan kowane teburi daga Kwatano har Jado.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka yake yi wa wanda ya fi ƙarfinsa, ina fatan ciniki yana tafiya yadda ake so. Na san yana tafiya, ladabi ne kawai ya sa na tambaya. Ni tsohon mushe ne a Afala, na sha ƙurar alli har gemuna ya yi fari, kuma ban saba rubuta wa sarakuna takarda ba. Abin da yaronka ya yi mini yau a tashar Tawa ne ya sa na nemi bik da takarda tun ban cire takalmi ba.

Daren jiya ɗan ƙanwata, mai tuƙa kabu-kabu, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure, kumfa a baki, ido ya juye. Uwarsa ta ce iska ce, ta ruga neman hayaƙi. Ni kuwa na laluba aljihunsa, sai ga hatiminka: ɗan katin ƙwaya mai lamba 225, saura biyu a ciki. Da ya dawo hayyacinsa wajen asuba, ya kama hannuna ya ce, "Kawu, na gaji. Ku raba ni da abin ga." Wanda bai taɓa zama da mai shaye-shaye ba ba zai san tsadar wannan magana ba. Ana iya shekaru ana jiran ta, kuma in ta fito ba ta daɗewa a waje. Saboda haka na kama motar farko zuwa Tawa da tambaya guda a bakina: ina ake kai yaron da ya ce yana son ya bari?

Na yini ina yawo da ita. Da la'asar na koma tasha, ƙafa ta kumbura, babbar riga ta yi buɗu-buɗu, sai wani yaro mai faranti a ka ya tsaya ya ƙare mini kallo cikin tausayi, ya ce, "Baba, ka gaji hwa. In ba ka guda? Yanzu jiki shi saki." Ranka ya daɗe, a duk faɗin birnin nan, wakilinka ne kaɗai ya dubi fuskata ya gane ina cikin wahala, ya kuma miƙo mini wani abu nan take, babu layi, babu ordonansi, babu "ka dawo ran Litinin".

Dole in yaba maka. An haife ka a ɗakin binciken kamfanin Grünenthal a Jamus a 1962, aka fito da kai kasuwa a 1977 don rage wa majiyyata zafin ciwo. Ɗan gidan mutunci ne kai. Likita yana rubuta ka miligiram 50 ko 100, ya gargaɗi mara lafiya kada ya wuce 400 a yini. Amma da ka je Indiya ka yi ƙiba, ka dawo mana kana 200, 225, har 250 a ƙwaya guda, awon da babu wani likita mai tsoron Allah da zai rubuta. Ka sauka a Lome da Kwatano, ka hau tirela, ka hau babur, ka hau jaki, ka iso ƙauyukan da motar allurar rigakafi sai ta yi da gaske take kaiwa. Indiya ta sa maka takunkumi a 2018, sai ka turo ƙanenka Tafrodol ya riƙe maka kujera. A 2023 aka rufe gadar Gaya, shinkafa ta yi tsada, maganin hawan jini ya yi wuya, kai kuwa ko mura ba ka yi ba.

Labarinka da ya fi burge ni shi ne na Kamaru. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwa cewa sun same ka a cikin saiwar tafashiya, wai ashe itace ma yana haifar ka. Shekara ta zagayo, wasu masanan daga Jamus suka sake dubawa, suka ce a'a, mutanen arewacin ƙasar ne suke sha, suna kuma ɗura wa shanun noma, fitsarin ya jiƙa ƙasa har itatuwa suka tsotsa. Sarkin da ya mallaki mutum da sa da itace, ai sai a sara masa.

To, ga yadda abokin hamayyarka, wato magani, yake gudanar da nasa mulkin. Ba zan kama sunan kowa ba, don duk waɗanda na tarar mutanen kirki ne, wasu har kujera da ruwan sanyi suka ba ni. Wani ya ce in yaron ya sake faɗuwa a kawo shi a ɗaura masa ruwa. Na ce to, in ya farfaɗo fa? Ya ce sai a sallame shi. Na ce in an sallame shi fa? Ya ce, "Sai ku yi mishi faɗa." Faɗa! Yaron da aka yi wa faɗa har muryar uwarsa ta dishe. Wani ya ce wannan ba aikinsu ba ne, aikin masu kaki ne, in kai ƙara. Wato in ɗauki ɗan ƙanwata da hannuna in kai shi gidan kaso, ya fito da sababbin abokai da sabon ilimi. A wani ofis mai sanyi aka nuna mini hotunan taron wayar da kai da aka yi bara, da matasa jere cikin riguna iri ɗaya da huluna, an rubuta a ƙirji cewa a guji ƙwaya. Na duba da kyau, na gane biyu daga cikinsu, kuma na san da abin da suka kashe kuɗin zaman taron. Na ce yaron nawa kansa ya riga ya waye, jikinsa ne ya ƙi. Aka ba ni wata ƴar takarda mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, da Faransanci, in kai wa uwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba.

Daga ƙarshe wani majo mai furfura ya ja ni gefe, ya rage murya kamar zai sayar mini da kayan sata, ya ce, "Mushe, gaskiya sai Yamai. Pavillon E." Likitocin da ke can suna iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da ta cewa a kansu. Amma daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, da kuɗin motar mutum biyu, da masauki, da abinci, da ɗan jinya da zai bar gonarsa. Kuma kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in aka ce wane sai Pavillon E. Da na buga wa ƙanwata waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Yaya, in aka ji an kai shi wurin mahaukata, wa za shi ba shi mata? Ƙannensa mata fa?" Na ce ai yanzu ma gari ya san yana sha. Ta ce shan ƙwaya ƙuruciya ce, hauka kuwa gado ne. Ka ji irin gatan da kake da shi: sunanka ya fi sunan asibiti tsarki a bakin masu neman aure.

Wani direba ya ce me zai kai mu Yamai, ga Kware nan a hanyar Illela zuwa Sakkwato, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya, ya fi kusa. Da gaskiyarsa, ya fi kusa. Wato Ba'adare in yana neman gadon da za a kwantar da ɗansa a raba shi da kai, sai ya canji sefa zuwa naira, ya tsallaka iyaka, ya gaisa da kowane shinge da abin da ake gaisawa da shi. Kai da ka taho daga Indiya ba a tambaye ka katin shaida ba.

Sauran shawarwarin kuwa a mota na same su kyauta. A yi masa rubutu ya sha. Wannan muna yi, kuma za mu ci gaba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma malamin da kansa in ƙafarsa ta karye wurin maɗori yake zuwa. A yi masa aure. Wato a nemo ƴar mutane a mayar da ita asibiti. A tura shi Abijan bida, ya canja iska, kamar ba a can rabin samarin Adar suka fara gaisawa da kai ba. Sai wani dattijo ya kawo wadda na san za a kawo: a kai shi gidan mari. Na tuna masa abin da duniya ta gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da ƴan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga gida guda, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, da wanda aka sake gani a Daura wata guda bayan haka. Ya ce, "To ai dai sun daina sha suna ciki." Ban iya ba shi amsa ba, don na san abin da ya kai iyayen nan ƙofar gidajen. Ba mugunta ba ce. Sun yi irin yawon da na yi yau, ƙofar da suka samu a buɗe ke nan.

Kai munafuki, ka san abin da kake yi wa wanda ya sake ka farat ɗaya. Zufa, zawo, gaɓoɓi kamar ana sara, barci ya ƙaura, zuciya tana bugawa, mutum yana firgita da inuwarsa. Kwana biyu ko uku a haka, yaron da ya rantse da Alƙur'ani zai tsallake katanga ya neme ka, a ce ba shi da zuciya. Alhali abin da masu ilimin suka sani ba sihiri ba ne: a riƙa rage awo sannu a hankali a ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya, a kula da farfaɗiyar da kake jawowa, a taimaka masa da barci, a samu wanda zai zauna da shi ya saurare shi mako bayan mako, a kuma duba abin da ya kai shi gare ka tun farko. Don ba daɗinka ya kai shi ba, ɗaci ne da kai. Yini a kan babur cikin rana ne, da ramin zinariya a Jado da Cibarkaten, da noman gayya, da maigidan da yake jefa ka cikin butar shayin ma'aikata don aikin kwana biyu ya ƙare a ɗaya. Mu ma da muke kuka yanzu, lokacin da yaron yake shigowa da jika uku kullum babu gajiya, albarka muka riƙa sa masa, ba wanda ya tambayi inda ƙarfin yake fitowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba bene ake bukata ba. Tun 1954 Dakta Thomas Lambo ya gwada a Aro, kusa da Abeokuta: majiyyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, da rana ya je a duba shi, da dare ya kwana cikin mutane. Sama da shekara saba'in ke nan. Mu ɗaki guda muke roƙo a Tawa, da allo a ƙofa da Hausa da Tamajak, da majo guda da aka koya wa aikin, wanda zai riƙa leƙo Afala da Barmu da Takanamat ranar kasuwa. Yaronka mai faranti ba ya fashin kasuwa ko ɗaya, ko ana ruwa.

Ka gaishe mini da fadawanka: diyazefam, da sholishon ƴan faci da yara suke shaƙa a tsumma, da wiwi, da giyar leda wadda ake cewa babu ita a garin Musulmi amma ledojinta suna toshe magudana. Mashayin giya ma nasa ya fi muni, shi ko tambayar ba ya iya yi, don kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa masauki a lahira.

Na san ranar 26 ga Yuni tana tafe, ranar yaƙi da kai ta duniya. Za a kafa rumfuna, a jera kujeru, a tara katan-katan ɗinka da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta OCRTIS ta kama, a zuba fetur, babban baƙo ya ƙyasta ashana, a tafa, a nuna a talabijin da dare. Kamun yana da kyau, Allah ya ƙara musu sa'a, na ji har tan 17 na wiwi suka kama a Yamai a 2021. Amma tunda kai ne kake zama a sahun gaba a wannan biki kowace shekara, kuma ka fi ni shiga wurin manya, ka isar mini da saƙo kafin wuta ta kama ka: a rage rumfa ɗaya da kwalin lemo goma, a sayi fenti, a rubuta wa ƙofa guda suna. Mu dai jibi za mu kama hanyar Yamai, awakin ƙanwata biyu sun riga sun tafi kasuwa, kuma an shirya za a gaya wa maƙwabta ciwon ido ne.

Wanda ba ya yi maka fatan alheri ko kaɗan,
Tsohon mushe,
Afala, jihar Tawa.