Ina Kason Nas Da Mai Shara?

A unguwarmu, ranar suna ba a raba nama da ka. Mai jego da nata, wanzami da nasa, dangi da maƙwabta a aika musu a kwano. A da can kuwa, kafin a kai ga kowa sai an fitar da kason ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi ta zaryar wankan jariri har ranar suna. Bayan nama a haɗa mata da hatsi da sabulu, wani gidan har da turmin atamfa. Ba wanda ke kiran wannan kuɗin aiki. Godiya ce, kuma gidan da ya hana sai an ji labarinsa a bakin mata.

Yanzu a birni haihuwa da yawa ta koma asibiti, amma kason bai bi ta can ba. Matar da ta tsaya a kan 'yarmu tun goshin magariba har kiran assalatu, tana sauraren bugun zuciyar ɗan da ke ciki, ta tare jini da ya ɓalle, ta yi ɗinki, ta naɗe jariri ta miƙo mana, ranar suna ko sunanta ba mu riƙe ba. Ka tambayi angon ƙarni wa ya karɓi haihuwar, sai ya ce, "Wata nas ce, doguwa, mai tabarau." Iyakar abin da ya sani ke nan.

Mu kuwa ba marowatan yabo ba ne. Mu ne masu walima in ɗanmu ya sami ƙarin girma. Mu ne masu ɗinka anko mu cika ofishin ɗan majalisa da lambar yabo a cikin gilashi don ya haƙa rijiyar burtsatse. A wurin biki maroƙi ya kira kakan mutum na bakwai mu yi ta liƙi. To mene ne ya sa in mun shiga asibiti godiyarmu ke tsayawa a kan likita? Likita ya cancanta, ba mai musu. Amma likita zai shigo zagaye da safe, ya duba, ya yi rubutu a fayil, ya wuce gado na gaba, don layin da ke jiransa ba ya ƙarewa. Abin da ya rubuta, nas ce ke mai da shi aiki. Ita ke tuna allurar ƙarfe biyun dare. Ita ke canza ledar ƙarin ruwa kafin ta ƙare, ta auna zafin jiki da hawan jini, ta juya tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar don kada bayansa ya yi gyambo. In numfashin majinyaci ya canza, ita ke fara gani, ita ke aikawa a taso likita. Haka ma 'yan'uwanta maza, don nas-nas ba mata kaɗai ba ne.

Mu duba yadda muke zuwa dubiya. Adaidaita biyu a cike, filas ɗin shayi, kunu, farfesu, ayaba da lemo. Mu zauna a bakin gadon mara lafiya, wasu su shimfiɗa tabarma a baranda, a buɗe hira. Dubiya sunna ce, kuma zumunci ne da muke alfahari da shi. Sai dai da nas ta ce, "Hajiya, don Allah ku ragu, ku riƙa shigowa biyu-biyu," sai fuska ta ɓaci. Da baba mai gadi ya ce lokacin dubiya bai yi ba, sai a fara, "Ka san wanda kake wa magana?" Mu dawo gida muna cewa ma'aikatan asibiti ba su da mutunci. Alhali matar nan tana tunanin wanda aka yi wa tiyata jiya a gadon kusa, wanda tarin ɗayanmu kaɗai zai iya jawo masa wata cutar, kuma tana neman hanyar da za ta bi da tiren magani. Bayan mun watse, ɓawon lemo da ledar ruwan da muka bari a ƙarƙashin gado, wani ne zai durƙusa ya kwashe.

Na san abin da maƙwabciyata za ta ce, don ta sha faɗa a tsakar gida: "Ai wasu nas-nas ɗin masifaffu ne, kina naƙuda suna miki tsawa." Gaskiya ta faɗa. Akwai su, kuma tsawar ɗakin haihuwa ta sa mata da dama sun gwammace su haihu a gida, a ƙasar da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duniya, a nan suke mutuwa. Mai wulaƙanta majinyaci a kai ƙararta, ba na roƙa mata afuwa. Abin da ke damuna shi ne labarin masifaffiya ɗaya yana zagaye unguwa kafin la'asar, na masu haƙuri goma kuwa ba ya fita daga ɗakin. In mai kirki da mai tsawa duk shiru ɗaya suke samu daga wurinmu, mun zalunci mai kirkin.

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a ɗakin yara ya ga irin abin da nake nufi. Dare ya raba, wuta ta ɗauke, ana jiran a ta da janareta. An shigo da yaro wanda gudawa ta tsotse, idanu sun faɗa, fata in an ja ba ta komawa. Nas ta ce da uwar ta haska mata da fitilar waya. Ta ɗaure hannun, ta bubbuga bayan tafin, jijiya ta ƙi fitowa. Ta koma ƙafa, nan ma shiru. Uwa tana kuka, hannunta na rawa, hasken na yawo. Nas ta ce, "Maman yaro, riƙe da kyau, in sha Allahu za mu samu." Ta aske ɗan wuri a gefen kan yaron, ta lallaɓa da yatsa, ta soka a hankali. Jini ya leƙo a cikin robar. Ta manne da filasta, ta buɗe ruwan, ta tsaya tana ƙirga ɗigo da agogon hannunta. Ba ta zauna ba, don a ƙarshen ɗakin wata uwar na kira, ɗanta ya fara jijjiga. Da safe likita zai zo ya tarar da yaro ya buɗe ido yana neman nono, dangi su cika shi da godiya, ita kuwa ta riga ta miƙa aiki tana bakin titi tana jiran abin hawa.

Akwai kuma waɗanda ko kallon fuskarsu ba ma yi. A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,600, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wanda ya leƙa sansanin masu wannan cuta ya san gadon da ake hudawa a tsakiya a ajiye bokiti a ƙasa. Wa ke ɗauke bokitin? Wa ke wanke daɓe da ruwan kulorin, ya dawo bayan ɗan lokaci ya sake wankewa? Mai shara ne. In ya yi sakaci, ɗakin da aka zo neman lafiya shi zai zama wurin ɗaukar cuta. Shi ne kuma wanda allurar da aka yar ba daidai ba ke sokewa a hannu, ya kwana da fargabar ciwon hanta ko ƙanjamau. Da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. A sahunsu akwai mai wankin zannuwan gado, da mai tura majinyaci zuwa ɗakin tiyata, da mai mirgino tukunyar iskar numfashi, da mai dafa kayan tiyata, da mai ba da kati, da direban motar asibiti, da ma'aikacin ɗakin ajiye gawa da ke karɓar mamacinmu a lokacin da mu kanmu ba mu iya tsayuwa. Malamanmu suna karanta mana labarin matar nan da ke share masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Da ya neme ta bai gan ta ba ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Muna jin wannan a wa'azi mu girgiza kai, sannan mu taka wurin da baiwar Allah ta gama gogewa ba ko sannu.

Wasu ma da ransu suka biya. Da Patrick Sawyer ya sauka Legas da cutar Ebola a ranar 20 ga Yulin 2014, Dokta Stella Adadevoh ce ta hana shi fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu. Sunanta ya zagaye duniya, kuma ta cancanta. Amma mu nawa ne muka san Justina Ejelonu, nas ɗin da ba ta daɗe da kama aiki a asibitin ba, ga ta da juna biyu, ta yi jinyarsa, ita ma ta rasu? A nan Kano, ranar 8 ga Fabrairun 2013, an harbe mata tara masu aikin rigakafin shan inna. Da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na daji a watan Agustan 2020, da jininsu a cikin wannan nasarar. A garin Rann na jihar Borno, an sace ungozomomi biyu da ke aiki da Red Cross a watan Maris na 2018, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, aka kashe su a watannin Satumba da Oktoba na shekarar. Shekarunsu 25 da 24. Haihuwar matan da yaƙi ya kora daga gidajensu suka je karɓa. Allah Ya jiƙansu. Waɗannan sunaye ya kamata a ce yaranmu na makaranta sun haddace su.

Ga wani halin namu kuma. Kowane magidanci in ya kai matarsa awo, mace yake so ta duba ta. Amma in 'yarsa ta ce makarantar koyon aikin jinya take so, sai a fara jan ƙafa, ko manemi ya gindaya sharaɗin ba aikin dare. To 'yar wa za ta kwana a kan matarka? Wannan giɓin ne ya sa aka kafa shirin Women for Health a 2012 da tallafin Birtaniya, a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, don ɗauko 'yan matan karkara a shirya su shiga makarantun jinya da ungozoma, su koma su yi wa garuruwansu aiki. Aikin kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan ya ji ciwo a yaƙin Khandaƙ. Mijin da ke kai matarsa aikin dare a kan babur, ya dawo ya kula da yara, shi ma ya cancanci a gaishe shi a majalisa.

Kada a ce yabo zai maye gurbin albashi. A watan Fabrairun 2024 shugaban hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Nijeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Duk wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya, gadajenta na kan wadda ta rage, gajiya kuwa tana rage haƙuri. Gyaran wannan yana hannun gwamnati, kuma ya kamata bakinmu ya kasance tare da su in suna nema, ba sai ranar da muka tarar da ƙofa a rufe mu fara tsinuwa ba.

Namu kason ba shi da tsada. Yaba kyauta tukwici. Ba ina nufin a cusa wa ma'aikaci kuɗi kafin ya taɓa majinyaci ba, wannan cin hanci ne, kuma talakan da ke gadon kusa shi zai sha wahalarsa. Bayan an sallame ku ake godiya. A tambayi sunan nas ɗin da sunan mai sharan. A rubuta takarda zuwa ga shugaban asibiti ko shugabar ma'aikatan jinya, a faɗi ɗakin, a faɗi ranar, a faɗi abin da aka yi, domin in asibiti ya tashi zaɓen gwarzon ma'aikaci ya tarar da shaidar majinyata a rubuce. Mu da muka iya kiran gidan rediyo mu kai koke, mu kira mu yi yabo da suna. In za a kai wani abu, a kai wa ɗakin gaba ɗaya: katan ɗin sabulu, fitila mai caji, fanka.

Ranar 5 ga Mayu ta ungozomomi ce a duniya, 12 ga Mayu kuma ta ma'aikatan jinya, ranar da aka haifi shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale a 1820. Mai unguwa, liman, shugabannin ƙungiyar matasa da na mata, ga roƙona: a makon da ke tsakanin ranakun nan biyu ku tara mu, mu taka zuwa asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da mu, a kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da sunansu, a fara da mai shara da mai gadi, a yi musu godiya a gaban jama'a, liman ya rufe da addu'a.