Ku Ƙyale Mai Kankare Tsatsa Ya Ci Asabar Ɗinsa

Jama'a, gulmarku ta iso. Wai mutum da aikinsa na ofis, da albashinsa, ga furfura a gemu, amma ranar Asabar maimakon ya zuba babbar riga ya tafi ɗaurin aure, sai ya tsuguna a zaure gaban tsohon keken ɗinkin da tsatsa ta ci, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Wasunku sun ce rowa ce, ba ya son biyan mai gyara. Wasu sun ce ritaya ce ta fara taɓa shi tun ba ta zo ba. Hajiyarsa kuwa, da ta ga barandarta ta koma Pantekar Kaduna, cewa ta yi a sa Malam a addu'a.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai tambayar gado. "Shi ɗan maƙera ne?" Gaskiya ne, a ƙasar Hausa ƙira gado ce. Akwai Sarkin Maƙera, akwai maƙeran baƙi masu fartanya da garma da lauje, akwai maƙeran fari masu zobe da awarwaro, kuma ba wanda ya ce zai ƙwace musu uwar maƙera ko zuga-zugi. To amma Alhaji, kai da kake murza sitiyari kullum, a gidanku wa ya gaji tuƙin mota? Kakanka jaki ya hau, kuma ban ji an hana ka lasin ba.

Matso ka ga abin da kake wa dariya. Wannan baƙin keken Singer ne. A gindinsa daga dama akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe, kuma da ita ake gane shekarar da aka ƙera shi. Irin samfurinsa ana ce masa 15K, harafin K ɗin nan na nufin Kilbowie, wato masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotilan. An rufe ta a 1980. Ka ga ke nan masana'antar ta riga keken mutuwa. Da aka kawo shi ko motsi ba ya yi, domin man da aka zuba masa shekara da shekaru ya daskare ya zama ƙaro. Malam bai ɗauki guduma ba. Kananzir ya ɗiɗɗiga a kowace gaɓa, ya bar shi ya kwana, ya riƙa girgiza wilin hannu kaɗan-kaɗan, gaba da baya, har allura ta yarda ta sunkuya. Jikin kuwa, mai zanen ruwan zinare, da man keke da auduga kawai ake goge shi. Ka sa masa omo da soson ƙarfe, zanen ya tafi ke nan har abada.

Na ji wani daga baya yana cewa, "To kayan gyaransa fa, daga Lahira za a aiko?" Daga kasuwar garinku, ranka ya daɗe. Keken Butterfly na Sin da telan unguwarku yake takawa, a kan tsarin wannan samfurin na 15 aka yi shi, don haka allura da bobin duk suna shiga.

Ƙafafun keken su ne suka fi shan tsatsa, kuma a nan ne masu leƙe ta katanga suke rantsuwa tsafi ake yi. Bokitin roba ne da ruwa, a zuba sodar wanki, a kawo cajar batirin mota. Baƙar waya a maƙala ta a jikin ƙarfen da ake son wankewa, ja kuma a jikin wani guntun rodi da ba a so, a tsoma su ciki ba tare da sun taɓa juna ba. Can sai ruwa ya fara kumfa, ya koma kalar miyar da ta kwana, rodin nan yana lalacewa, tsatsar ƙafar keke tana saki. Da safe buroshi kawai za a bi da shi. Wanda ya juya wayoyin, abin da yake so ya ceta shi zai cinye. Kumfar nan kuma iskar haidurojin ce, tana kama wuta, shi ya sa a tsakar gida ake yi, nesa da murhu da mai shan taba. In wannan tsafi ne, to malamin kimiyyar sakandare ne bokan.

Masu tsohon keken hawa na Raleigh, mai kan zalɓe a goshi, su nasu ciwon kan daban ne. A da masana'antar Nottingham ta Ingila tana yanka zaren wasu sassan keken 26 a kowane inci, alhali yawancin kekuna 24 ne. Ka sayo sabo ka ɗaura da ƙarfin tsiya, ka kashe zaren. Dole sai an je wajen 'yan gwangwan ana tonon gawar wani Raleigh ɗin. Idan kuka ga babban mutum a Kofar Ruwa a Kano yana ciniki a kan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, fuska cike da fara'a, kada ku kira 'yan uwansa, lafiyarsa lau.

Yanzu ga mai lissafi ya fito da biro. "Riba nawa?" Babu. Kai, hasara ce ma. In ka haɗa kuɗin kananzir da fenti da samfefa da man janareto, da kuɗin mota zuwa kasuwa, wani lokaci sabon keke ya fi araha. To sai me? Kai da kake biyan kuɗin gidan kallo ka zauna minti 90 kana ihu a kan ƙwallon Turai, har ka ƙi cin tuwo don an ci ku, nawa aka turo maka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Bambancin kawai, idan Malam ya tashi daga zaurensa akwai keken da ke ɗinka wa yara kayan Sallah.

Ba na wanke masu kankare tsatsa duka, kada su ma su ji daɗi da yawa. A cikinsu akwai mai kwance abu ya zuba notuna a gwangwanin madara, shekara ta zagayo bai haɗa ba. Akwai mai lafta wa kayan tarihi jan fenti ya turo wa abokai hoto yana jiran yabo. Mafi ban tsoro shi ne wanda ya ga masu zubin tukwane suna narka alminiyom ya ce shi ma zai gwada da silifas a ƙafa. Alminiyom sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa, kuma idan narkakken ya haɗu da ruwa sai ya yi tsalle ya watsu. Wannan kam ya je ya durƙusa gaban masu sana'ar ya koya tukuna. Haka mai walda a kan ƙarfe mai rufin zinki cikin rufaffen ɗaki, hayaƙin na sa zazzaɓi, kuma tabarau na gayu ba ya kare ido daga hasken walda. Idan Hajiya ta yi faɗa a kan waɗannan, ina bayanta.

Ku dai masu dariya, roƙona ɗaya ne. Na san a ɗakin shirgin gidanku akwai keken Inna ko dutsen guga na gawayi, kuma ɗan gwangwan ya riga ya yi muku tayi a kan sikeli. Kafin ku auna, ku aika yaro ya kira Malam mai baƙin hannun nan. Zai biya ku fiye da kuɗin kilo, kuma an yarda ku ci gaba da yi masa dariya kyauta.