Gidan Alhaji Mai Talabijin

Mu dai a layinmu ba mu iya dariya mu kaɗai ba. Ko yau ka ga mutum ya tuntsire da dariya da waya a hannu, kafin ya share hawaye ya miƙa wa na kusa da shi: "Don Allah Malam, kalli wannan." Da haka muka taso.

Muna yara talabijin ɗaya ce a layin kaf, baƙi da fari, mai ƙofar katako da ake ja a rufe. A gidan Alhaji take. Ranar da za a sa wasan Samanja babu uwar da ke fama da aike. Kafin ta rufe baki an ɗebo ruwa, an kai niƙa an dawo. Sharaɗin Hajiya guda ne: a wanke ƙafa kafin a hau tabarma. Ƙanana a gaba, samari a jikin bango, matan maƙwabta daga bakin ƙofar ɗaki da goyo a baya. In hoto ya fara yayyafi sai a tura Yaya ya juya gorar eriya. Yana daga waje yana kira, "Ya yi?" mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Koma kaɗan! Tsaya nan!"

Samanja kuwa ba na wasa ba ne. Mai fitowa a matsayinsa, Usman Baba Pategi, mutumin Pategi ta jihar Kwara, soja ne na gaske, ya ci bariki ya ƙoshi, shi ya sa tsawarsa ba ta koyo ba ce. Daga rediyon Kaduna shirin ya taso kafin ya hau talabijin. Hausar bariki yake yi, yana cakuɗa ta da Turancin buroka, har tsohuwar da ba ta san ko "kam" ba sai ta riƙe ciki. A zamanin da ganin kaki ke sa mutum ya canja hanya, ga soja a tsakar gidan Alhaji muna yi masa dariya son ranmu. Ina ganin nan ne rabin daɗin yake.

Sauran rabin kuma, mun san mutanen nan tun kafin a nuna mana su. Shi ya sa sunayensu suka bi mu gida. Maigidan da ya cika faɗa, a bayan idonsa Samanja ne. Mai shiga sharo ba shanu ya zama Karambana, saboda wasan marigayi Kasimu Yero. Akwai wani tela a bakin titi da aka laƙa wa Karkuzu, na Bodara ɗin nan na Jos, har jikokinsa ba su san sunansa na yanka ba. Da kaset ya shigo, Rabilu Musa Ibro ya karɓe fagen, sai ga kowane aji a makaranta da nasa Ibron.

Ibro ya rasu a Disambar 2014, Kasimu Yero a 2017, Samanja a Nuwambar 2023. Ranar da labarin Samanja ya iso majalisarmu, aka yi salati aka yi masa addu'a, aka yi jugum. Can sai wani dattijo ya miƙe ya ƙame ya kwaikwayi muryarsa. Muka yi dariya idanu jike.

Yanzu kowane gida da tasa talabijin, amma je teburin mai shayi da dare in Arewa24 ta sa Gidan Badamasi. Benci cike, wasu a kan babur, ana gardama a kan wane ne cikin 'ya'yan tsoho Badamasi ya fi kwaɗayin dukiyarsa, kowa kuma yana da wani ɗan'uwa da ya yi kama da shi. Jiya na tarar da ƙaramin ɗana a can, tsaye a bayan benci, rungume da burodin da uwarsa ta aike shi tun bayan magariba. Na buɗe baki zan yi faɗa, mai shayi ya ce, "Alhaji, a bari a gama mana." Na matsa masa wuri a bencin, muka ƙarasa tare.