Jidda Kusa Ce, Lawanti Ne Da Nisa

Daga Gombe zuwa Jidda tafiyar kilomita sama da 3,000 ce, jirgi kuma kan cinye ta cikin kamar awa biyar. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka riƙa kewaye. Kakanninmu kuwa da ƙafa da jaki suke ratsa Cadi da Sudan, a yi shekaru, wasu ma can suka yi zamansu har jikoki.

Amma tambayi maniyyacin unguwar Nasarawo, shi lissafinsa daban. An yi walima, an yafi juna, gwaggo ta sha kuka ta kuma ba da sautun zamzam da dabino. Ya tafi sansanin alhazai. Bayan kwana biyu sai ga shi a masallacin unguwa, sahun gaba.

"A'a, Alhaji, har an dawo?"

"Jirgi ne bai zo ba."

Ga kunyar komawa gidan da aka riga aka rabe masa silifas da buta.

Saboda haka maniyyaci, kada ka yi sallama da kowa sai ka ji ƙafarka a matakalar jirgi a filin jirgin Lawanti. Gwaggo ma ta adana hawayenta tukuna.