An Kashe Kyaftin, Cheberu Ta Zauna Makoki

Duk wanda ya bi ta Cheberu cikin makon nan ya ga samari sun yi jugum a teburin mai shayi, kada ya ɗauka ruwa ne ya cinye shinkafar fadama, ko taki ya ƙara tsada. Kyaftin aka kashe. Kyaftin ɗin cikin kumbo, wanda ya kwashi mutanensa ya bar duniyarmu yana neman wata da za a zauna, a fim ɗin nan mai dogon zango da ake turawa a waya. Sunan fim ɗin bai dami kowa ba. A shagon turi "na kumbon nan" ake cewa, yaron shago ya karɓi memori ya zuba maka, ka miƙa ɗan canjinka ka kama gabanka.

Tun da Algaita da ire-irenta suka koya wa Indiyawa da mutanen Sin Hausa, babu halittar da ta gagare mu fahimta. Mun san Jadu, baƙon sama na fim ɗin Koi Mil Gaya na 2003, mun san Citti, mutum-mutumin Rajinikanth na 2010. Yau ga wani dodo mai ido uku daga bayan taurari, ya buɗe baki yana rantsuwa yana faɗin "ni za ka raina wa hankali?" Daga ranar da dodo ya iya Hausa kuwa ya zama ɗan gari, dole a yi masa hukunci irin na 'yan gari.

Nan ne gizo ke saƙar. Bature ya kashe dukiya ya ƙera kumbo, ya zana taurari, ya yi lissafin iskar shaƙa da nisan tafiya, mu kuma muka karɓi abin muka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ba wanda ya tambayi da wane irin mai kumbon ke tafiya. Abin da majalisa ke son sani: wa Kyaftin zai aura, me ya sa mataimakinsa ba ya gaishe shi da safe, kuma waccan yarinyar injiniya 'yar gidan wa ce da iyayenta suka bar ta ta bi maza zuwa sama ba muharrami.

Masu makoki su ne sahun gaba. Akwai ɗan kabu-kabun da aka yi rasuwa a dangin matarsa a Kambaza ya ce ba shi da kuɗin man zuwa gaisuwa, amma a daren da aka harbe Kyaftin sai da aka riƙe shi. "Wallahi wanga mutum bai cancanci haka ba," in ji shi, murya na rawa. "Mi yay yi musu? Ɗiyanai ƙanana fa!" Ya bar shayinsa ya huce, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka kama masa babur. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, majalisa ta amsa da amin, sai daga baya aka tuna ba a san addinin mamacin ba, aka shiga janye amin ɗin a hankali.

Daga nan malaman fiƙihun sama suka karɓi zama, su kuwa ba a gajerce musu.

Mas'ala ta farko takaba ce. Matar Kyaftin tana cikin kumbo, kumbo yana kusa da wata duniya da ba a san watanta ba. Wata huɗu da kwana goma da lissafin wane wata? Wani ɗalibi da ya zo hutu daga jami'ar tarayya ta hanyar Kalgo ya ƙara dagula lissafin, ya ce duniyar Mas wata biyu gare ta, Jufita kuwa fiye da 90. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya riƙe haɓa. "Ɗana, mu da ka da wata guda, sai Sarkin Musulmi ya yi da gaske kahin a aje azumi rana ɗaya. Can wa ka iya musu?" Aka yi ittifaƙi cewa duk wanda aka naɗa shugaban kwamitin ganin wata a Jufita ba zai yi tsawon rai ba.

Mas'ala ta biyu gado. Kumbon na Kyaftin ne ko na gwamnati? In nasa ne, matar tana da tumuni, to ta wane gefe za a yanka mata, wajen inji ko wajen kicin? Ta uku alƙibla. A nan sai na sara wa majalisar Cheberu, domin tambayar da suke yi da shayi a hannu wata ƙasa guda ta taɓa tara malamanta a kanta. A 2007 Malesiya ta tura likita Sheikh Muszaphar Shukor zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tafiyar kuma ta faɗo cikin watan azumi. Tashar tana kewaya duniya sau 16 a kwana ɗaya, kowane kewaye da fitowar rana da faɗuwarta. In da rana za a bi, salla 80 ke kan bawan Allah kullum, ga sahur da buɗa-baki kusan kowace sa'a ɗaya da rabi. Malaman suka rubuta masa ɗan littafin jagora: ya bi lokutan wurin da kumbonsa ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon ikonsa. Da aka ba majalisa wannan labari, wani saurayi da ba a taɓa ganinsa a sahun asuba ba ya ce shi dai azumin can ya fi masa, tun da kafin yunwa ta kama ka an sha ruwa.

Sai kuma Malam Ai-Ƙarya-Ne, wanda kowace majalisa ke da nata. Shi ne mai cewa duk haɗin kwamfuta ne, babu wanda ya taɓa zuwa sama, Turawa ne ke wasa da hankalin talaka. Bai taɓa fashin kashi ɗaya ba. Wayarsa ce ta farko a layin caji ranar da sabo zai fito. Ya rantse ba wanda ya taka wata a 1969, a Amurka aka ɗauki hoton cikin ɗaki. Kafin a wanke kofuna kuma shi ne zai ba ka labarin yadda Neil Armstrong ya ji kiran salla a kan wata ya musulunta. Ka ce masa, Malam, yaya mutumin da bai je ba ya ji kiran salla a can? Sai ya ce kai matsalarka boko. Shi Armstrong ya sha musanta labarin nan kafin mutuwarsa a 2012, amma wa ya tambaye shi?

Ɗalibin nan na Kalgo kuwa ya fi kowa shan wahala, kuma shi ya jawo wa kansa. Ya riga ya kalli fim ɗin da Turanci har ƙarshen zango, bakinsa na ƙaiƙayi. Ya fara da ilimi: hasken rana kan yi wajen minti 8 kafin ya iso mana, tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana kuwa haskensa sai ya yi fiye da shekara 4 a hanya. Tambayar da ya samu ita ce, shekara huɗu a hanya, to guzurin fa, ina za su riƙa niƙa? Da ya ga ilimi bai karɓu ba sai ya saki abin da ke cikinsa, ya ce ai mataimakin ne ya ci amana, kashi na gaba za a gane. Aka yi tsit. Mutumin da ya sayar da gonar gado bai taɓa ganin irin kallon da aka yi wa yaron nan ba. Mai shayi da kansa ya ce masa, "Ɗan boko, tashi ka ba mu wuri, kuma bashinka na nan rubuce."

A cikin gida hukuncin ya fi sauri, don tun kafin ɗalibi ya yi magana an gama shari'a. "Ni tun rad da wagga yarinya tash shigo kumbon ban yarda da idonta ba," in ji wata gwaggo tana tankaɗe. A wurinta babu wani dodo, babu wata baƙar rijiyar sama mai haɗiye taurari. Kishi ne kawai, an kai shi inda babu mai raba faɗa. Mutum-mutumin da ke share kumbo ne kaɗai ya tsira da mutuncinsa a wajen mata, har ana tambayar ko yana surfe.

Kafin wani ya ce ƙauyanci ne, a sani cewa wannan ciwo ba a Cheberu aka fara shi ba. Turawa sun riga mu, nasu ma ya fi tsanani. A 1968, da aka ji tashar NBC za ta dakatar da Star Trek, masoyansa suka yi ta antaya mata wasiƙu har ta ƙara musu zango guda. A 1976 suka koma kan shugaban ƙasa Gerald Ford da wasiƙu, sai da aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise, sunan kumbon cikin fim. Gwamnati guda ta yi wa almara takwara! A 2007 tashar CBS ta soke wani fim mai suna Jericho, masu kallo suka fusata suka yi ta aika mata gyaɗa har wajen tan 20, ofis ya cika, tashar ta sallama ta ƙaro kashi bakwai. Ka ji masu fushi da adireshi.

Namu fushin a bakin mai shayi yake kwana. "Na daina kallo, wallahi in na ƙara kallon wanga fim a canza mini suna." Ranar da sabon kashi ya sauka, mai wannan rantsuwa shi ne a shagon turi tun yaron bai gama buɗe ƙofa ba, yana cewa ba don kansa ba ne, yara ne suka dame shi.

Ko a wajen dabara sun fi mu shiri. A Ingila akwai Doctor Who da BBC ta fara nunawa a 1963. Da jarumin farko, William Hartnell, ya kasa saboda rashin lafiya a 1966, marubutan suka ce ai Daktan ba ɗan duniyar nan ba ne, in jikinsa ya gaji sai ya sake wani. Shi ke nan, suka samu lasisin canza jarumi har abada. A 2017 aka ce Dakta ya zama mace, Jodie Whittaker, a 2022 aka ce ya zama Ncuti Gatwa haifaffen Ruwanda. An yi surutu, an yi fushi, an kuma ci gaba da kallo. Mu kuwa da Sumayya ta Labarina ta kwanta da fuskar Nafisa Abdullahi ta tashi da ta Fati Washa, babu kimiyyar da daraktan fim ɗin, Aminu Saira, zai fake da ita. Haka aka yi ta mita daga Kano har Birnin Kebbi, ana cewa wannan ba Sumayyarmu ba ce, ana kuma zaune gaban Arewa24 ba a ko ƙifta ido.

Abin da ke ba ni haushi guda ne. Muna kuka a kan kumbon wasu alhali mun daɗe da namu. A shekarar da aka sauka a kan wata, 1969, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawon sararin sama da Hausa tsantsa, ba tare da wani ya fassara masa ba. Yau ka tambayi masu makokin Kyaftin wane ne Kilba, sai su ce ko ɗan wasan Kano Pillars ne. Mutanen Kannywood kuma sun bar filin fayau, ko da yake na san halinmu: ranar da suka ƙera kumbo, kafin ya wuce gajimare an yi waƙa uku, uwar Kyaftin ta ce ba ta yarda da auren ba, an juyo da kumbo gida don a sasanta.

Duk da haka ina tare da majalisa a magana ɗaya: kashe Kyaftin zalunci ne, marubucin bai kyauta ba, kuma bai kamata a bar shi ya sha lafiya ba. Tun da an ce gyaɗa ta taɓa yi wa Turawa aiki, mu ma Allah bai hana mu abin aikawa ba. Aliero na nan kusa, albasa ba ta yanke ba. Don haka jama'ar Cheberu, Dalijan, Malisa da Kambaza, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a haɗa buhuna, a aika wa marubucin nan da sharaɗin shi zai yanka da hannunsa, ya zubar da hawayen da ya sa muka zubar. Mai adireshin kamfanin ya taimaka ya kai wa mai shayi. Kuɗin mota kuma kada a ba ɗan kabu-kabun nan ajiya, har yanzu bai je gaisuwar Kambaza ba.